Saura Wata Ashirin da Biyu

A garejin da ke Titi na Ashirin da Huɗu a Sanaiya, unguwar masana'antu da ke bayan birnin Doha, in ka tambayi Gafaru Bawah ba lalle a gane wanda kake nufi ba. Amma ka ce Baba Ghana, ko ɗan Nepal mai wankin mota zai nuna maka wasu ƙafafu biyu da suka leƙo daga ƙarƙashin bas. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, gemu fari fat, in ya bushe da dariya sai ka ce janareto aka tayar. Sana'arsa gyaran injin manyan motoci. Sauran kanikawa sai sun jona kwamfuta kafin su san ciwon mota. Shi kuwa dogon sukudireba yake ɗauka, ya kafa bakinsa a jikin inji, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya lumshe ido. Can sai ya ɗago ya ce, "Famfon mai ne." A jona kwamfuta, ta yi ta ƙifce-ƙifcenta, daga ƙarshe ita ma ta ce famfon mai ne.

Haifaffen Aboabo ne, cikin zangon Kumasi. Yana saurayi ya sami aiki a wani kamfanin motocin haya na gwamnati, ya yi shekara goma sha uku da ɗoriya yana gyara musu bas, har ranar da aka rage ma'aikata, aka ba kowa ambulan ɗinsa aka ce Allah ya ba da sa'a. Daga nan ya koma Magazine, kasuwar kanikawan Kumasi, ya kafa rumfa. Shekara goma yana nan, yau a samu gobe a rasa, sai a 2013 wani tsohon abokin sana'a ya yi masa hanyar Qatar. Ya bar matarsa Safiyatu da teburinta na koko da ƙosai, da 'yarsu Rahmat wadda a lokacin take karatun koyarwa.

Su shida ne a ɗakinsu na Sanaiya. Mai gadon da ke samansa shi ne Haliru, mutumin Zariya, direban tankar ruwa, dogo siriri wanda bai iya ganin magana ta wuce ba tare da ya sa baki ba. Gafaru ya girme shi da kusan shekara ashirin, amma tun ranar farko suka ƙulla wasa, kuma a kan Hausa suka fara. Ita Hausar zango ba ruwanta da mace ko namiji.

"Matata ya kira ni jiya," in ji Gafaru.

"Baba, ta kira ka za ka ce."

"To, ai ni ya kira, ba kai ba."

Shekara biyar Haliru yana wannan gyara, har harshen tsohon ya soma karkata. Sai in fushi ko murna ta kama shi Hausar gida take dawowa.

Cikin watan Maris na 2020 aka rufe Sanaiya saboda korona. Aka gitta shinge a bakin tituna, ba shiga ba fita. Abinci a mota ake kawowa, kowa da takunkumi a fuska. Mutanen ɗaki suka duƙufa kan waya, wasu barci, wasu karta. Gafaru kuwa zaman ya fi ƙarfinsa. A mako na farko ya gyara butar shayi, da ƙofar banɗaki, da cajar wayar mutum uku. A mako na biyu da abin gyara ya ƙare, sai ya kwance fankar ɗakin, wadda lafiyarta lau, ya wanke ta ya mayar. Haliru ya ɗauke rediyonsa ya tura ƙarƙashin matashi.

Wata rana bayan la'asar Safiyatu ta kira shi ta bidiyo. Su ma a Kumasi an hana fita, ba a sayar da koko, don haka ta tasar wa gidan da shara da kakkaɓa. Maimakon fuskarta, sai ya ga ta kara wani tsohon kati a gaban waya.

"Baban Rahmat, ka san wannan mutumin?"

Ya matso da ido. Wani saurayi ne mai tarin suma da siririn gashin baki, ya ƙanƙance ido kamar mai shirin faɗa da mai hoto. Haliru ya leƙo daga gadon sama, ya kalli hoton, ya kalli sanƙon Gafaru, ya faɗi a kan katifa yana dariya. Nan take sauran 'yan ɗaki suka taru, waya ta zaga hannu shida.

"Katin fanshona ne na kamfani," in ji Gafaru da wayar ta dawo hannunsa. "A ina kika samo shi?"

"Ƙarƙashin ƙafar teburin koko. Kai da kanka ka cusa shi, ranar da ka ce teburin yana rawa."

"To ki mayar, kada ya ci gaba da rawa."

Ba ta mayar ba. Ta ce da safiyar nan ta ji wani ma'aikacin hukumar fansho a rediyo yana bayani. Ya ce duk wanda aka zuba masa kuɗi na wata ɗari da tamanin, wato shekara goma sha biyar, in ya cika sittin zai riƙa karɓar fansho kowane wata har ƙarshen ransa. Wanda kuma ya tsaya a hanya, yana iya ci gaba da zubawa da kansa har ya cike.

Gafaru ya yi tsaki. Shi a saninsa, ranar da aka miƙa masa ambulan ɗin sallama, ranar aka rufe babinsa da gwamnati. "Maman Rahmat, wannan kuɗi an cinye shi tun zamanin da."

"Kai ka gani da idonka ana ci?"

Bai gani ba. Ya shiga susar gemu.

"Da an buɗe gari Rahmat za ta je ta tambaya," in ji ta. "Tambaya ai ba a biyan kuɗi."

Sai cikin watan Yuni Rahmat ta samu zuwa. Yanzu malamar firamare ce, ba ta jin tsoron ofis, ba ta kuma gajiya da layi. Ta kira shi daga bakin ƙofar hukumar.

"Baba, sunanka yana nan! Ba abin da ya ɓace. Wata ɗari da hamsin da takwas aka zuba maka."

"Saura nawa ke nan?"

"Ashirin da biyu."

Gafaru ya zauna a bakin gado. Shekara goma sha bakwai yana ganin waɗannan shekarun na ƙuruciyarsa sun bi ruwa, ashe suna nan a rubuce, wani yana ta kwafe su daga littafi zuwa littafi, daga littafi zuwa kwamfuta, ba tare da ya san shi ba. 

Sai dai akwai sharuɗɗa biyu, kamar yadda aka gaya wa Rahmat. Ba a karɓar kuɗin a dunƙule, sai wata-wata. Sannan tun da fayil ɗinsa na zamanin takarda ne, dole ya zo da kansa ya dangwala yatsa a na'ura kafin a buɗe masa. Shi kuwa a watan Nuwamba na 2023 zai cika sittin. Haliru ya sauko ya ƙirga da yatsunsa, ya ƙara da na ƙafa, ya ce in dai ba a fara ba zuwa Janairun 2022, lokaci ya ƙure.

Tafiya kuwa ba ta yiwu ba a wannan shekarar. Albashi rabi ake ba su, jirage sai jefi-jefi, wanda ya fita kuma ba shi da tabbacin za a bar shi ya dawo. Haka aka yi ta ja har aka yi musu allura, aiki ya dawo, mudir, wato shugaban garejin, ya sa hannu a takardar hutunsa ta watan Satumba na 2021.

Saura wata guda ya tashi, suna cin abincin rana, Haliru ya tsaya da loma a hannu yana kallon hannuwan tsohon.

"Baba, da waɗanne yatsun za ka dangwala?"

"Da nawa mana."

"Na'urar bakin ƙofar garejinku ta taɓa karɓar ka?"

Ba ta taɓa ba. Kowane ma'aikaci da safe yatsa yake dangwalawa a san ya zo aiki. Gafaru kaɗai aka ajiye wa littafi da biro, don shekara arba'in na man dizal da giris da ƙarfe mai zafi sun goge zanen yatsunsa tas, sun zama sumul kamar bayan cokali. Ya juya tafin hannunsa yana kallo. Kuɗin jirgi zuwa da dawowa, ga kwanakin killacewa, a ce duk ya tafi a banza saboda yatsa.

Safiyatu ce ta kawo magani. "Man kaɗe," in ji ta. "Safe da yamma. Kuma ka daina taɓa ƙarfe."

"In daina taɓa ƙarfe in ci me?"

"Ka ci haƙuri na wata ɗaya."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, shi da Haliru suka hau bas zuwa Najma, wata unguwar kasuwanci a cikin Doha. Suka bi shagunan 'yan Afirka ɗaya bayan ɗaya, tsakanin wuraren canjin kuɗi da gidajen abinci, har suka sami man a wani ɗan shago a saman bene, cikin robar da ba ta fi tafin hannu ba. Da mai shagon ya faɗi kuɗin, Gafaru ya ce a Tamale, can arewacin Ghana, da wannan kuɗin bokiti guda za a ba shi, a haɗa masa da mai ɗauka. Mai shagon ya ce to ya je Tamale. Ya saya.

Mudir ɗin mutumin Sudan ne, yana jin Hausa tsinta-tsinta daga wajen kakarsa. Da Gafaru ya yi masa bayani, ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya ce, "Khalas, shi ke nan, Baba. Wata ɗaya kunnenka nake so, ba hannunka ba." Aka saya masa safar hannu ta auduga. Ya riƙa zagaya gareji hannu a baya, yana sauraren inji yana faɗin abin da za a kwance. Wannan wata ya fi masa zaman kulle wuya. Sai ya ga wani yana ɗaure noti a karkace, hannunsa ya miƙa da kansa, sai wani ya yi ihu daga can, "Baba Ghana, fansho!" Ya janye da sauri. In zai kwanta kuma ya lafta mai, ya zura hannuwan cikin safar ƙafa. Haliru ya ce ɗakin ya koma warin kasuwar mata.

Kowace safiya sai ya gwada a na'urar bakin ƙofa, yatsa goma ɗaya bayan ɗaya. Ja. Ja. Ja. Tun mutum biyu suna tsayawa kallo, har ya zama ba mai shiga aiki sai an gama gwajin Baba Ghana. 'Yan Bangladesh suna yi masa addu'a, 'yan Kenya suna yi masa tsiya. A rana ta ashirin da uku, bayan tara sun ƙi, ya ɗora ƙaramin yatsan hannun hagu, wanda bai taɓa amfana masa komai ba a sana'a. Na'ura ta yi ɗan jim, ta yi ƙara, ta kawo kore.

Ihun da aka yi ya fito da mudir daga ofis a guje, yana zaton mota ce ta faɗo wa wani. Daga ranar Gafaru ya naɗe yatsan da bandeji kamar na amaryar da aka sa wa lalle, kuma a haka ya shiga jirgi.

A ofishin fansho na Kumasi wata matashiyar ma'aikaciya ce a kan na'urar. Ta gwada babban yatsa, ta goge gilashi, ta gwada manuni, ta sake gogewa. Da ta kai na tara ta soma girgiza kai, tana shirin ba shi haƙuri. Gafaru ya warware bandeji a hankali.

"'Yata, ga wanda na zo da shi daga Qatar."

Sau ɗaya ta ɗora. Safiyatu, wadda ta tsaya a bayansa da tsohon katin a ƙulle a bakin mayafi, ta ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfin da har mai gadi ya waiwayo. A watan Oktoba aka karɓi zubinsa na farko.

Da ya koma Doha sai ya tsinci tsofaffin noti ashirin da ɗaya a gareji, ya zura su a wata siririyar wayar ƙarfe, ya rataye a ƙarfen gadonsa. Juma'ar farko ta kowane wata yana Najma, a layin wurin canji ɗaya, gaban wani Ba'indiye ɗan Kerala da ya haddace sunan Rahmat. Kuɗi su faɗa wayarta, ta biya, ta turo hoton rasit, shi kuma ya zare noti ɗaya ya jefa a gwangwani. Bai taɓa fashi ba. Watan da ciwon haƙori ya cinye masa rabin albashi, shayi da burodi ya yi ta ci har mako biyu, amma noti ya fita.

Ana cikin haka, a ƙarshen Maris na 2022, Ghana ta fitar da Najeriya daga neman zuwa gasar cin kofin duniya da za a yi a Qatar, kuma a Abuja. Washegari da safe Haliru ya lulluɓe har ka, wai barci yake. Gafaru ya dafa shayi mai kauri, ya zuba madara, ya miƙa kofi sama.

"Malam Haliru, tashi ka sha. Rashin lafiya ba ta hana shayi."

Gafaru ya ƙara ɗaga kofin.

"Kada ka damu. Tun da a ƙofar ɗakinmu za a buga, mu za mu wakilce ku. In ka ga dama ma in ara maka riga."

Bargo ya motsa. "Baba, don girman Allah ka bar ni."

Kwana biyu bai yi masa magana ba. A na uku ya fita aiki ya tarar an ɗaura wa madubin tankarsa ƙyalle mai ja da rawaya da kore, irin na tutar Ghana.

Da gasar ta matso, garejinsu ya sami kwangilar kula da wasu daga cikin motocin da za su riƙa ɗaukar 'yan kallo. Aiki ya koma awa goma sha biyu. Doha ta cika ta batse, tuta ko'ina, harsunan da ba a taɓa ji ba a jirgin ƙasa. Shi kuwa Haliru, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya yi kwanaki yana fama da waya har ya samo tikiti biyu na masu zama a ƙasar, masu araha, na wasan Ghana da Koriya ta Kudu. Ya ajiye wa tsohon nasa a kan matashi.

Gafaru ya juya takardar, ya sake juyawa. Tun yana yaro yake jin ƙwallon ƙasarsa a rediyo, bai taɓa tsammanin zai ga kofin duniya da idonsa ba. Sai jadawalin aiki ya fito: ranar wasan an sa shi tsaron motoci a tashar bas da ke bayan wannan filin. Ya je wurin mudir. Mudir ya rufe ƙofa ya gaya masa gaskiya, cewa da an gama gasa za a rage mutane, kuma masu kamfanin da sunayen waɗanda suka yi fashi za su fara.

Ya koma ɗaki ya kalli wayar da ke rataye. Noti takwas. Ya buɗe akwati ya ciro rigar ƙwallon Ghana da Rahmat ta saya masa, ya miƙa wa Haliru.

"Ka sayar da tikitina ga wanda kake so. Amma kai da wannan za ka shiga."

"Ni? Ɗan Zariya? Baba, in aka ɗauke ni a talabijin fa?"

"Sai a ce ka shiryu."

Ƙarfe huɗu na yamma aka take wasa. Gafaru yana tashar bas, zaune a kan akwatin kayan aiki, filin yana gabansa kamar wani ƙaton kwando. Abokin aikinsa ɗan Kenya yana kallo a waya, amma hotonsa yana makara da kusan minti guda. Gafaru bai ko leƙa ba. Ya karkata kai, ya lumshe ido. Ya san gangunan mutanensa, ya san kuma kiɗan 'yan Koriya mai tafiya daidai kamar agogo. Can sai wata ƙara ta taso daga filin, ganguna suka rikice, kowa yana dukan tasa.

"Ghana ya ci!" Ya yi tsalle har hular kwanonsa ta faɗi.

"Ba a ci ba," in ji ɗan Kenya da Turanci, yana nuna masa waya. Bayan minti ɗaya shi ma ya yi tsalle.

Haka ya ji ta biyu. Haka kuma, bayan hutun rabin lokaci, ya ji gangunan sun mutu sau biyu cikin minti uku, ya san an rama duka. Ya tashi ya yi ta zagaya wata bas yana salati. Da Ghana ta zura ta uku, sai ya rungume ɗan Kenya ya ɗaga shi sama.

Bayan magariba jama'a suka ɓarko. Wata ƙungiyar 'yan kallo daga Kumasi, da gangunansu da fenti a fuska, suka cika wata bas, bas ta ce ba ta san zancen ba. Direba ya murɗa, ya sake murɗawa. Aka kira Baba Ghana. Ya buɗe bayan motar, ya laluba, ya ɗaure wata waya da ta saki, ya buga jikin motar ya ce da direba, "Yalla!" Inji ya kama. Wata mata daga taga ta ji yadda ya yi wa motar faɗa da Hausar gida, ta ƙwala ihu cewa wannan ai ɗan zango ne. Kafin ya rufe murfi sun sauko, sun ɗaga shi da kayan aikinsa da giris ɗinsa, sun zagaya motar da shi sau biyu ana kiɗa. Daga can sama ya hango Haliru yana tahowa, rigar Ghana ta jiƙe sharkaf, an zana masa baƙin tauraro a goshi.

"Ban yi murna ba," in ji Haliru da muryar da ta dishe sarai. "Ture ni aka yi ta yi."

Duk da haka, a watan Janairu sunan Gafaru ya fito cikin waɗanda aka sallama. Ba don fashi ba, don shekaru. Mudir ya kasa haɗa ido da shi. Noti shida suka rage a waya. Ya san in ya koma gida yanzu, kafin ya sake kafa rumfa ya sami masu kawo gyara, wata biyu ko uku za su wuce ba zubi, ga shi ba sauran lokacin da zai yi wasa da shi. Ya kira Safiyatu. Ta ce in ta kama a biya daga kuɗin koko za a biya, kada ya sa wa ransa damuwa. Ya ce ya ji, amma ranar bai ci abincin rana ba.

Haliru yana jin duk wannan. Washegari ya dawo daga aiki da wuri ya ce, "Baba, sa takalminka." Ya kai shi wurin mai kamfanin tankokinsu, wani dattijo da tankarsa guda ta yi wata biyu a kafe, kanikawa uku sun taɓa sun bari. Kafin la'asar tankar tana kan titi. Da yake doka ta sauya, ma'aikaci yana iya canza wurin aiki ba sai tsohon kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi, ya yarda ba, cikin mako uku takardunsa suka koma sabon kamfani. Wata tara aka rubuta masa.

A watan Yuli, cikin zafin da ko tsuntsu ba ya tashi, ya yi zubi na ƙarshe. Ɗan Kerala ya fito daga bayan gilashi ya ba shi hannu. Daga nan ya ja 'yan ɗakinsu duka biyar zuwa wani gidan abinci a Najma, ya ce kowa ya ci abin da ransa yake so, ban da Haliru, wanda aka ce shi sau biyu zai ci. A watan Oktoba suka raka shi filin jirgi. Haliru ya ɗauki akwatin har bakin layi, ya ce, "Baba, ka gaida Mama." Daga nan sai ya shiga yi wa wani mai tura kaya faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Fanshon ya fara shigowa a farkon 2024. Ba wani kuɗin a zo a gani ba ne. Yana sayen buhun shinkafa, ya biya wuta, ya sayi maganin hawan jinin Safiyatu, ɗan abin da ya rage a yi cefane. Amma ranar da aka ce zai zo, ranar yake zuwa, kuma Gafaru bai daina mamakin wannan ba.

Sai dai bai zauna ba. Ya shiga bin tsofaffin abokan aikinsa na kamfanin bas gida-gida, daga Aboabo zuwa Asawase, yana tambayar kowa ina katinsa. Wasu sun rasu, wasu shekarunsu ba su kai ko kusa ba. Amma ya sami Dramani, tsohon kwandasta, mai shekara sittin da shida, yana sayar da rigunan waya a bakin tasha. Dramani ya rantse shi ba shi da komai a wurin gwamnati. Gafaru ya kama hannunsa ya sa shi a tasi. Da aka duba, sai ga shi ya cika watanninsa har da rarar uku, tun kafin a sallame su, shekara shida ke nan yana da haƙƙin karɓa bai sani ba. Dramani ya zauna a ƙasan ofis ɗin, ya cire hula, ya yi ta kallon mutane ɗaya bayan ɗaya. Bayan wata biyu ya zo gidan Gafaru da zabi huɗu a kwando.

Labari ya bazu a zango. Yanzu tun da hantsi za ka ga tsofaffi biyu ko uku a kan benci kusa da teburin koko, kowa da tsohuwar takarda a leda, suna jiran Baba Gafaru ya gama karyawa ya raka su. Safiyatu tana zuba musu koko, tana karɓar kuɗinta cif, ba ragi. Rannan Rahmat ta zo da yamma ta tambayi ina babanta.

"Yana ofishin fansho," in ji Safiyatu tana juya ƙosai. "Da yana Qatar na fi samunsa. Can ko ba komai in na kira yana ɗauka."